Tsohon jirgi mai tsatsa da rigimar Tekun Kudancin Sin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina neman aron fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan rigimar Tekun Kudancin Sin. Kafafenmu na Hausa kan kawo labarinta a gurguje, a ce Sin da Filifin sun sake yin sa-in-sa kan wasu tsibirai da ake taƙaddama a kansu, shi ke nan a wuce. Mai karatu sai ya ɗauka tsibirai ne masu gari da kasuwa da gonaki. Da yawansu kuwa ko akuya ba ka iya ɗaurewa a kai, domin da zarar teku ya kawo ruwa sai su nutse. Wannan nutsewar ita ce gundarin shari'ar, kuma wanda bai fahimce ta ba zai yi ta karanta labarin shekara da shekaru bai san abin da ake faɗa a kai ba.

Dokar da ke raba teku tsakanin ƙasashe ita ce Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994. Awon yana farawa ne daga inda ruwa ke tsayawa idan ya janye ƙarshen janyewa. Daga nan a ƙirga mil 12 na teku, kowane mil mita 1,852 ne, wannan ruwan mallakar ƙasa ne kamar doron ƙasarta, sai dai dole ta bar jiragen wasu su wuce muddin wucewar salin-alin ce. Daga gaɓa zuwa mil 200 kuma yankin cin moriya ne: kifi da mai da iskar gas na mai gaɓar ne shi kaɗai, amma hanyar ta kowa ce.

To, ina matsayin ɗan abin da ya ɓullo a tsakiyar teku? Doka ta kasa shi uku. Idan tsibiri ne na sosai, wanda mutane za su iya zama a kansa su rayu da abin da ke cikinsa, yana da mil 12 ɗinsa da mil 200 ɗinsa. Idan dutse ne kawai da ke tsayawa saman ruwa ko da teku ya cika, amma ba ya iya riƙe jama'a, mil 12 kaɗai ya samu. Idan kuwa tudu ne da ke bayyana lokacin da ruwa ya janye, ya ɓace idan ya dawo, ba shi da ko taku ɗaya na kansa, ba a ma mallakarsa, na wanda ya faɗo cikin yankinsa ne. A yi lissafi a gani. Da'ira mai mil 12 ta kowace fuska kimanin murabba'in kilomita 1,550 ce kawai. Da'ira mai mil 200 kuwa ta haura murabba'in kilomita 430,000, wato kusan rabin faɗin Nijeriya. Ɗan fegin da bai kai filin ƙwallo goma ba, idan aka amince a kira shi tsibiri, ya jawo wa mai shi rabin Nijeriya na ruwa. Wannan ne ya sa manyan ƙasashe ke tura injiniyoyi su auna ko wani dutse ya fi ruwa tsawo da kamu ɗaya. Sashe na 60 kuma ya toshe ƙofar wayo: tsibirin da aka gina da hannu ba ya samun komai sai mita 500 na tsaro kewaye da shi.

Sin ba da wannan awo take da'awa ba. Tana riƙe ne da wata taswira da gwamnatin 'yan kishin ƙasa ta Kuomintang ta fitar a 1947, mai guntayen layuka goma sha ɗaya da suka zagaye kusan dukkan tekun kamar harshen saniya. Gwamnatin kwaminis ta gaji taswirar, ta cire layuka biyu na mashigin Tonkin, suka koma tara, ta kuma miƙa ta ga Majalisar Ɗinkin Duniya a 2009. Har yau Beijin ba ta fito ta faɗi ainihin ma'anar layukan ba. Ruwan ne duka nata, ko duwatsun da ke ciki, ko kifin da man? Shirun da gangan ne. Wanda bai kafa turken iyakar gonarsa ba, kullum yana da damar matsawa gaba. Layin ya shiga cikin mil 200 na Biyetnam da Filifin da Malesiya da Burunai, ya kuma lashi ruwan Indunusiya a kusa da tsibiran Natuna. Taiwan ma da taswirar take riƙe, tunda ita ce magajiyar waɗanda suka zana ta.

An zubar da jini sau biyu. A Janairun 1974 Sin ta ƙwace sauran tsibiran Paracel daga hannun Biyetnam ta Kudu, sojojin Biyetnam 74 suka mutu. A Maris na 1988 aka sake gwabzawa a tudun Johnson ta Kudu cikin rukunin Spratly, 'yan Biyetnam 64 suka rasa rayukansu. Tun daga nan salon ya sauya, kuma salon ne nake so masu karatu su duba da kyau.

A 1995 Filifin ta wayi gari ta ga an kafa wasu rumfuna bisa turaku a kan tudun Mischief, cikin mil 200 ɗinta. Sin ta ce mafaka ce ta masunta. Shekara uku kafin nan Amurka ta kwashe sojojinta daga sansanin Subic bayan majalisar dattawan Filifin ta ƙi sabunta zamansu, kuma ba na jin wannan jerin karo ne kawai. Filifin ba ta da jiragen da za ta kori kowa, sai ta yi dabarar talaka. A 1999 ta ɗauko wani tsohon jirgin dakon tankoki da Amurka ta ƙera a 1944, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu ya yi na Biyetnam, sunansa Sierra Madre, ta tuƙa shi da gangan ta kafe shi a kan tudun Second Thomas, tazarar mil 105 daga tsibirin Palawan na Filifin, kimanin mil 20 daga Mischief. Ta zuba 'yan tsirarun sojoji a ciki. Jirgin yana nan har gobe, tsawonsa mita ɗari, tsatsa ta cinye shi har akwai wuraren da sai an shimfiɗa katako kafin a taka. Amma ba a taɓa cire sunansa daga jerin jiragen rundunar ruwan Filifin ba, kuma nan dabarar take: duk wanda ya hau shi da ƙarfi ko ya harbe shi, jirgin yaƙin ƙasa ya taɓa.

Mutanen da ke cikinsa ba su da rijiya ba su da gona. Ruwan sha, shinkafa, man janareta, magani, da sojojin canji, duk sai an kawo daga Palawan, kusan wata-wata. Jiragen dogarawan gaɓa masu tsawon mita 44 da Japan ta ƙera wa Filifin su ke rakiya, amma ba sa iya shiga cikin tudun saboda ruwan ba zurfi, don haka kayan ana loda su ne a jiragen katako na haya, su ne za su bi ta 'yar ƙofar da ke shiga tafkin tsakiya. A daidai nan ake tare su. Jiragen Sin sukan fara raba mai rakiya da wanda ake rakiya: babban jirgi ya gitta gaban na dogarawa ya tilasta masa rage gudu, wasu biyu su matse shi hagu da dama, na katakon ya rage shi kaɗai. Sannan a buɗe masa mesar ruwa. Kada a ji an ce ruwa a raina. A Maris na 2024 ruwan mesa ya farfasa gilashin gaban jirgin katakon Filifin mai suna Unaizah May 4, mutum huɗu suka ji rauni. Idan ruwan ya shiga bututun hayaƙi injin ya mutu, idan ya daki na'urorin da ke saman rufi jirgin ya makance. A Fabrairun 2023 an haska wa wani jirgin dogarawan Filifin koren hasken leza har ma'aikatansa suka daina gani na ɗan lokaci. Ranar 17 ga Yunin 2024 abin ya kai maƙura: ma'aikatan Sin a ƙananan jirage, riƙe da wuƙaƙe da gatura, suka huda kwale-kwalen roba na sojojin Filifin, suka kwashe kayansu, wani soja ya rasa babban yatsansa. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Abin da Sin ke cewa shi ne ba ta hana a kai abinci, siminti da ƙarfe da injin walda ne ba ta yarda da su ba. Lissafinta a fili yake. Idan ba a gyara jirgin ba, teku zai gama da shi, sojojin su tashi da kansu, wurin ya zama na wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Tana kuma cewa Filifin ta taɓa yin alkawarin janye jirgin, Shugaba Marcos na Filifin ya ce bai san da wannan alkawari ba, in ma akwai ya soke shi. A Yulin 2024 ɓangarorin biyu suka cimma wata fahimta ta wucin gadi kan kai kayan, ba a wallafa takardar ba, kuma tun daga ranar farko kowa ke fassara ta yadda ya ga dama: Beijin ta ce sai an sanar da ita ta duba kaya, Manila ta ce babu wannan maganar.

Me ya sa gatari, ba bindiga ba? Saboda yarjejeniyar tsaron juna da Amurka da Filifin suka ƙulla a 1951. Ta tanadi cewa hari da makami a kan sojoji ko jiragen gwamnatin ɗayansu a yankin Fasifik ya shafi ɗayan, kuma a 2019 sakataren harkokin wajen Amurka Mike Pompeo ya fayyace cewa Tekun Kudancin Sin yana ciki. Don haka duk aikin Sin shi ne ta tsaya taku ɗaya kafin abin da za a kira hari da makami. Jere uku take yi. A gaba akwai jiragen kamun kifi masu jikin ƙarfe, waɗanda ba kifi ya kawo su ba, 'yan sa-kai ne da gwamnati ke biya, sukan kashe na'urar da ke nuna inda jirgi yake, su ɗaure junansu su yi makonni a wuri guda. A Maris na 2021 an ƙirga kimanin 220 a tudun Whitsun, Sin ta ce iska suke fakewa. Bayansu akwai fararen jiragen dogarawan gaɓa, ciki har da mai lamba 5901, mai tsawon mita 165 da nauyin tan 12,000, wanda ya fi jiragen yaƙin ƙasashe da dama girma. Can nesa kuma, inda ido ke iya hangowa, jiragen yaƙi masu launin toka suna tsaye. Wanda aka matsa wa gaba kura baya sayaki: in ya yi shiru ya rasa wurin, in ya harba shi ne ya fara, kuma da masunta ya fara.

Filifin ta taɓa faɗawa wannan rami. A Afrilun 2012 ta tura babban jirgin yaƙinta ya kama masuntan Sin a tudun Scarborough, mai nisan mil 120 daga Luzon, babban tsibirin Filifin. Sin ta samu abin da take nema, ta ce ga soja yana cin zalin farar hula, ta turo fararen jirage suka shiga tsakani. Aka yi wata biyu ana kallon-kallo. A watan Yuni jiragen Filifin suka janye bisa fahimtar cewa kowa zai janye, na Sin suka tsaya, kuma suna nan har yau. Tudun mai kusurwa uku ne, da ƙofa guda ta shiga tafkin da masunta ke fakewa idan guguwa ta taso, wanda ya riƙe ƙofar ya riƙe komai. A daidai lokacin ne kuma jami'an Sin suka gano ƙwari a ayabar Filifin, kwantena-kwantena ta ruɓe a tashoshi.

Daga ƙarshen 2013 zuwa 2016 sai aka shiga gini. Yadda ake yi shi ne a kawo jirgin yasa mai wani katon kai mai haƙora da ke juyawa, ya niƙe murjanin da ke ƙarƙashin ruwa, famfo ya zuƙo niƙaƙƙen da yashi, a tura ta bututun da ke yawo a kan ruwa a zuba bisa tudun har ya ɗago. Sannan a kewaye da katangar kankare don kada igiyar ruwa ta kwashe, a daddaɓe, a jira ya zauna. Da haka Sin ta samar da fili wajen eka 3,200 a wurare bakwai. Uku daga ciki, Fiery Cross da Subi da Mischief ɗin nan na rumfunan masunta, yanzu kowanne yana da titin saukar jirgi mai kusan mita 3,000, da rumbunan jiragen yaƙi, da tashar jiragen ruwa, da na'urorin hango jirage, da makamai masu linzami. A Satumban 2015, a fadar White House, Shugaba Xi Jinping ya ce Sin ba ta da niyyar mayar da wuraren sansanin soja. Masana soja sukan ce in yaƙi ya ɓarke waɗannan sansanoni ba za su daɗe ba, tunda ba sa motsi kuma ba wurin ɓuya, ga gishiri na cin ƙarfe da kankare. Gaskiya ne, amma ba don ranar yaƙi aka gina su ba. Da can jirgin dogarawa sai ya koma tsibirin Hainan na kudancin Sin, tafiyar ɗaruruwan mil, kafin ya sha mai. Yanzu a Mischief zai sha, cikin awa biyu ya dawo bakin Sierra Madre. Don adalci, Biyetnam ma tun 2021 take ta cike nata tuddan da irin wannan hanya, kuma ta yi nisa ƙwarai.

Sai batun shari'a, inda ake yawan kuskure. Ba Kotun Duniya ce ta yanke hukuncin 12 ga Yulin 2016 kan ƙarar da Filifin ta kai Sin ba. Kwamitin alƙalai biyar ne na raba gardama da aka kafa ƙarƙashin Dokar Teku, ya zauna a birnin Hague, kuma shugabansa ɗan Afirka ta Yamma ne, marigayi Thomas Mensah na Ghana. Tun a 2006 Sin ta yi amfani da damar da sashe na 298 ya bayar, ta ce ba ta yarda a kai ta ƙara kan shata iyakar teku ba. Lauyoyin Filifin da suka shigar da ƙara a Janairun 2013 sai suka kauce wa tambayar wa ke da wuri kaza. Suka tambayi alƙalai abu biyu: layin nan mai tara yana da gindi a doka? Kuma kowane ɗayan wuraren nan mene ne shi, tsibiri, dutse, ko tudu mai nutsewa? Amsa ta zo cewa layin ba shi da tushe, cewa Mischief da Second Thomas tuddai ne masu nutsewa da ke cikin yankin Filifin, cewa Scarborough dutse ne, kuma a duk Spratly babu tsibiri na sosai ko ɗaya. Har Itu Aba, mafi girmansu, mai kimanin hekta 46, wanda Taiwan ke riƙe da shi kuma take alfahari da rijiyoyinsa, alƙalan suka ce zaman sojoji da ake ciyarwa daga waje ba shi ne zaman al'umma ba. Sin ba ta halarci zaman ba, ta ce hukuncin takarda ce kawai. Taiwan ma ta yi fatali da shi. Shugaba Duterte na Filifin, wanda ya hau mulki kwana goma sha biyu kafin hukuncin, ya naɗe shi ya ajiye, ya tafi Beijin aka yi masa alkawarin jari da bashi na dala biliyan 24, kaɗan ne daga ciki ya iso.

Mu a nan mun san ɗaya fuskar wannan al'amari. Ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru Bakassi, Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙawa a Greentree a 2006, aka kammala miƙawa a Agustan 2008. Hukuncin ya yi aiki ne saboda wanda ya fi ƙarfi ya yarda ya tashi, ba don kotu tana da 'yan sanda ba. Amurka da ke yi wa Sin wa'azin bin doka ita kanta ba ta amince da Dokar Teku a majalisarta ba har yau, kuma da Kotun Duniya ta yanke mata hukunci kan Nikaraguwa a 1986 ƙeƙasa ƙasa ta yi.

Duk da haka dokar tana da tasiri a yadda jirage ke tafiya, har abin ya kan ba da dariya. A Oktoban 2015 Amurka ta tura jirgin yaƙinta Lassen ya ratsa kusa da Subi don nuna ba ta yarda da da'awar Sin ba, amma ya wuce salin-alin bai tsaya ba, irin wucewar da ake yi a ruwan mallakar wani. Masana suka ce ai wannan tamkar amincewa ce. A Mayun 2017 da jirgin Dewey ya shiga cikin mil 12 na Mischief, sai ya tsaya ya yi atisayen ceto wanda ya faɗa ruwa, abin da ba a yi a ruwan wani, don a gane cewa a wurin Amurka nan teku ne na kowa.

Mene ne a cikin tekun da ya kai a yi wannan wahala? An fi ambaton ciniki: wani ƙiyasi ya ce kayan dala tiriliyan 3.4 ne suka ratsa shi a 2016. Kwantenar da ɗan Kantin Kwari ya loda a Guangzhou ta nan take bi, ta fita ta mashigin Malaka, kafin ta kama hanyar Apapa ko Kwatano. Amma babban kaso na kayan na Sin ne ko masu zuwa Sin, ba ta da dalilin toshe wa kanta maƙogwaro. Tsoronta shi ne wani ya toshe mata, musamman a Malaka inda wani wurin faɗinsa bai kai kilomita uku ba. Ana kuma ambaton mai. Hukumar makamashi ta Amurka ta taɓa ƙiyasta ganga biliyan 11 da iskar gas ƙafa tiriliyan 190, sai dai yawancinsa yana kusa da gaɓoɓi inda ba a jayayya. Inda yake da zafi shi ne ga ƙananan ƙasashen: rijiyar gas ta Malampaya da ke ba Luzon wajen kashi ɗaya cikin biyar na wutarta tana ja baya, Filifin kuma ta kasa haƙa ta Reed Bank da ke cikin ruwanta, kamar yadda Biyetnam ta dakatar da aikin haƙar kamfanin mai na Repsol sau biyu, a 2017 da 2018, saboda matsin Beijin. Kifi ma babban abu ne, ya kai kashi 12 cikin ɗari na abin da duniya ke kamawa, kuma Sin kan ayyana hana su daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Agusta har a ruwan da ba nata ba.

A ganina abin da ya fi duka nauyi shi ne zurfi. Tekun Rawaya da ke arewa matsakaicin zurfinsa mita 44 ne, jirgin ƙarƙashin ruwa ba ya ɓuya a ciki. Tsakiyar Tekun Kudancin Sin kuwa ya haura mita 4,000. Jiragen Sin masu ɗauke da makaman nukiliya a Yulin suke, a kudancin Hainan, kuma amfaninsu ɗaya ne: kada abokin gaba ya san inda suke. Suna bukatar ruwa mai zurfi da babu mai saurarensu, da kuma hanyar fita Fasifik ta mashigin Bashi tsakanin Taiwan da Luzon. Amurka kuwa aikinta ta bi sawunsu. Shi ya sa a 2023, da aka ƙara sansanonin da sojojinta za su iya amfani da su a Filifin daga biyar zuwa tara, uku cikin sabbin huɗun a arewacin Luzon suke. Ana rigimar masunta a sama, ainihin farautar tana ƙasa.

Ƙungiyar ASEAN ta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ba ta iya komai a kai ba, domin ba ta yanke shawara sai kowa ya yarda, kuma Kambodiya da Lawos ba su da abin da za su rasa a tekun, suna da abin da za su samu a Beijin. A 2012, a Phnom Penh, ministocinta suka tashi ba sanarwar bayan taro, karo na farko cikin shekara 45. Tun sanarwar da ASEAN da Sin suka sa wa hannu a 2002 ake maganar ƙa'idar zaman tare, har yanzu an kasa daidaitawa kan ko za ta zama tilas, da ko za ta haɗa da Paracel. Haƙar haɗin gwiwa ma, irin wadda Nijeriya da Sawo Tome suka ƙulla a 2001 bisa rabon 60 da 40, ta ƙi yiwuwa, saboda tamu an yi ta ne a ruwan da kowa ya yarda da'awar ɗan'uwansa tana da hujja, alhali Sin tana neman a raba abin da doka ta riga ta ce na maƙwabcinta ne. A Janairun 2023 kotun ƙolin Filifin ta soke yarjejeniyar binciken mai ta 2005 da aka yi da Sin da Biyetnam, ta ce ta saɓa wa tsarin mulki.

Haɗarin wannan wasa shi ne jirgi ba mota ba ne, ba shi da birki. Mai nauyin dubban tan, in yana gudu, sai ya yi tafiyar da ta ninka tsawonsa sau da yawa kafin ya tsaya, kuma jirage biyu da suka jera kusa da juna ruwan da ke tsakaninsu kan jawo su su haɗe. Ƙa'idar kauce wa arangama da rundunonin ruwa suka amince da ita a 2014 ba ta tilas ba ce, kuma ba ta shafi dogarawan gaɓa da masunta ba, su ne kuwa ke yin aikin. Ranar 11 ga Agustan 2025, kusa da Scarborough, jirgin dogarawan Sin mai lamba 3104 yana bin jirgin Filifin mai suna Suluan a guje, sai jirgin yaƙin Sin ya gitto, na dogarawan ya afka wa ɗan'uwansa, goshinsa ya lotse gaba ɗaya. Da Suluan ne ya shiga tsakaninsu da labarin ya sha bamban, domin tun a Mayun 2024 Marcos ya faɗa a Singafo cewa kashe ɗan Filifin da gangan ya yi kusa ƙwarai da abin da za su ɗauka a matsayin yaƙi.

Roƙona ga masu fassara mana labarai shi ne su riƙa bambanta tsibiri da dutse da tudu mai nutsewa, su kuma faɗi launin jirgin da ya yi aika-aikar, fari ne ko toka ko na masunta, tunda kowane launi da saƙon da yake ɗauke da shi. Masu karatu kuma su sa ido a wurare biyu. Ɗaya jikin Sierra Madre, ko an samu shigar da abin da zai riƙe shi. Ɗaya kuma Scarborough, inda Sin ta shata layin awonta a Nuwamban 2024, ta kuma ayyana wani sashensa gandun kare halittu a Satumban 2025. Har yanzu ba a kai jirgin yasa wurin ba, kuma nisansa da Manila bai kai kilomita 400 ba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya